Kenneth Tynan, mai sharhin da ya ƙi zaman ɗan kallo

Ranar 8 ga Mayu, 1956, aka yaye labule a Royal Court, wani madaidaicin gidan wasan kwaikwayo da ke Sloane Square a Landan. Abin da 'yan kallo suka gani a kan dandamali bai yi kama da abin da suka saba biyan kuɗi su gani ba. Ɗakin haya ne guda ɗaya a can saman bene, rufinsa ya sunkuyo, ga gado ga murhu duk a wuri ɗaya. Wata mata na tsaye tana guga sanye da rigar mijinta, maza biyu kuma sun baje a kujera sun rufe fuska da jaridun Lahadi. Ɗaya daga cikinsu, Jimmy Porter, ya yi jami'a amma rumfar alewa yake riƙewa a kasuwa, kuma tun daga farkon wasan har ƙarshensa bakinsa bai huta ba. Ya caccaki coci, ya caccaki masu mulki, ya yi wa surukarsa tatas, sannan ya dawo kan matarsa, wadda ke guga. Sunan wasan Look Back in Anger, marubucinsa kuwa John Osborne, ɗan shekara 26 da ba a san shi ba.

Yawancin jaridun da suka fito washegari kallon hadarin kaji suka yi masa. Sai ranar Lahadi, Kenneth Tynan na jaridar Observer, shi ma ɗan shekara 29, ya fito da nasa sharhin. Ya yarda cewa wasan na iya zama na 'yan tsiraru, amma ya ce a duba yawan 'yan tsirarun: mutum 6,733,000, wato adadin duk 'yan ƙasar da ke tsakanin shekara 20 da 30. Ya ƙara da cewa yana shakkar ko zai iya ƙaunar mutumin da ba ya son ganin wannan wasa. Ba a saba jin mai sharhi ya yi magana haka ba. Mai sharhi a Ingila ta wancan zamani dattijo ne mai auna kalma, ya yaba kaɗan ya kushe kaɗan. Shi kuwa wannan ya ɗauki ɓangare ƙiri-ƙiri, ya kuma ce wa mai karatu ya zaɓi nasa.

Wannan ɗaukar ɓangare ita ce duk labarin Tynan. Da ita ya taimaka aka sauya wasan kwaikwayon Ingila, da ita kuma ya zalunci wasu mutane, ya kasa ganin wasu abubuwa da ke gaban idonsa.

Kafin a gane dalilin da ya sa ɗakin haya da teburin guga suka tayar da ƙura, sai an san yadda harkar take a farkon shekarun 1950. Gidajen wasan West End, unguwar da manyan gidajen wasa suke a Landan, 'yan kasuwa ƙalilan ne ke riƙe da su, kuma babbansu kamfanin H. M. Tennent ne da Hugh Beaumont ke jagoranta. Abin da ke sayuwa shi ake kawowa: falon wani babban gida a ƙauye, masu gida sun gaji dukiya, baran gida ya shigo da shayi ya ba da dariya ya fita. Tynan ya raɗa wa wannan duniya suna Loamshire, wata gunduma da babu ita a taswirar Ingila sai a kan dandamali, inda ba a yaƙi, ba a yunwa, ba a siyasa. Terence Rattigan, marubucin da ya fi kowa kasuwa a lokacin, da bakinsa ya ce yana rubutu ne da wata ƙagaggiyar 'yar kallo a zuciya, Aunt Edna, gwaggo mai rufin asiri da ba ta son a tayar mata da hankali. A waje kuwa ƙasar ta fito daga yaƙin duniya na biyu, daular mulkin mallaka tana zamewa daga hannu, 'ya'yan leburori sun fara shiga jami'a da tallafin gwamnati. A shekarar da aka yi wasan Osborne ne Birtaniya ta kwashi kunyar rikicin mashigin Suez. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa Loamshire.

Bayan 'yan kasuwa akwai kuma mai tacewa. Tun daga dokar 1737, wadda ta 1843 ta ƙarfafa, babu sabon wasan da za a nuna wa jama'a sai an kai rubutunsa ofishin Lord Chamberlain, wani babban jami'in fadar sarauta, a fadar St James. Masu karanta masa, waɗanda da yawansu tsofaffin hafsoshin soja ne, su bi layi-layi suna soke kalmomi, su hana taɓa wasu batutuwa, su hana kwaikwayon manyan mutane da ke raye. Ba a ɗaukaka ƙara. Dabarar da ta rage ita ce gidan wasa ya mai da kansa kulob na 'yan ƙungiya kawai, kamar yadda aka yi da wasan Arthur Miller, A View from the Bridge, a 1956. Marubuci mai hankali tun a teburinsa yake tace kansa, don me zai ɓata shekara a kan abin da za a soke?

An haifi Tynan a Birmingham ranar 2 ga Afrilu, 1927. Mahaifinsa yana rayuwa biyu. A Birmingham sunansa Peter Tynan, yana zaune da mahaifiyar yaron ba tare da aure ba. A garin Warrington kuwa shi ne Sir Peter Peacock, attajiri, mai mata da 'ya'ya, wanda ya riƙe magajin gari har sau shida. Rabin mako nan, rabin mako can. Kenneth bai san haka ba sai da uban ya rasu a 1948 aka ɗauke gawar zuwa wancan gidan. Masu rubuta tarihinsa sun sha jingina halayensa da wannan sirri. Ni ba na son a mai da mutum gaba ɗaya sakamakon abu guda, amma da wuya a ce yaron da ya gano cewa ubansa wasan kwaikwayo yake yi a cikin gida shekara 21 bai ɗauki komai daga ciki ba game da rufa-rufar mutanen kirki. Yana da in'ina tun yana ƙarami, ba ta kuma rabu da shi ba. A kwalejin Magdalen ta jami'ar Oxford, inda C. S. Lewis ya koyar da shi, ya yi suna da tufafi masu ɗaukar ido da kaifin baki a zauren muhawara.

Da fari so ya yi ya zama darakta ko ɗan wasa. A 1951 ya fito a ƙaramin matsayi a Hamlet ɗin Alec Guinness, mai sharhin jaridar Evening Standard, Beverley Baxter, ya yi masa kaca-kaca. Tynan ya aika wa jaridar martani mai daɗin karatu, ba a daɗe ba kujerar Baxter ta zama tasa. A 1954 ya koma Observer yana ɗan shekara 27, kuma shekarun da ya yi a can, haɗe da biyun da ya yi a mujallar New Yorker daga 1958 zuwa 1960, su ne ƙashin bayan sunansa.

Me ya bambanta shi da sauran? Na farko, ya iya kallo. Wasan dandamali ba fim ba ne, da an rufe labule ya tafi ke nan, abin da ya rage sai abin da wani ya rubuta. Tynan yakan kama yadda ɗan wasa ya ɗaga kafaɗa, inda muryarsa ta karye, tsawon shirun da ya yi kafin ya furta kalma, ya zuba su a takarda yadda wanda bai je ba zai ji kamar yana kujerar gaba. Yawancin abin da mutanen yau suka sani game da Laurence Olivier ko Ralph Richardson a kan dandamali, ta irin wannan rubutu suka san shi. Na biyu, yana da ra'ayin abin da ya kamata wasa ya zama, kuma kowane sharhi nasa na mako wani mataki ne na wannan yaƙi. Shi ne ya ce mai sharhi nagari yana ganin abin da ke faruwa a wasan kwaikwayon zamaninsa, amma babban mai sharhi yana ganin har abin da ba ya faruwa. Abin da ba ya faruwa a Landan shi ne muryar matasa, muryar talaka, da siyasa.

Shi ya sa ya rungumi Bertolt Brecht na Jamus. A ƙarshen watan Agustan 1956, makonni biyu bayan rasuwar Brecht, ƙungiyarsa ta Berliner Ensemble ta zo Landan. Mutane suka ga Helene Weigel tana jan amalanken Mother Courage, mace mai cin kasuwar yaƙi har yaƙin ya cinye 'ya'yanta uku, tufafin duk sun koɗe kamar an daɗe ana sa su, fitila fara fes babu ɓoye-ɓoye, babu tauraro guda da sauran ke yi wa rakiya. Da Jamusanci aka yi, yawancin 'yan kallo ba sa ji, amma daraktocin Ingila da suka gani sun ɗauki darasi. Tynan ya zama babban mai tallar Brecht a ƙasar. Ya kuma tsaya wa Waiting for Godot na Samuel Beckett a 1955, lokacin da 'yan kallo ke ficewa ana tsakiyar wasa, shi da Harold Hobson na jaridar Sunday Times.

A nan ya kamata a rage wa labarin gishiri. Ana yawan faɗa kamar sharhi guda ne ya kifar da tsohon tsari a safiya ɗaya. Ba haka aka yi ba. George Devine ne ya kafa English Stage Company a Royal Court don neman sababbin marubuta, shi ya ɗauki kasadar kuɗin. Joan Littlewood tana can gabashin Landan da ƙungiyarta ta Theatre Workshop tana aiki da 'ya'yan talakawa tun kafin nan. Tikitin Look Back in Anger ma bai fara sayuwa sosai ba sai da BBC ta nuna wani yanki nasa a talabijin bayan watanni. Abin da Tynan ya yi shi ne ya ba wa sauyin harshe, ya gaya wa masu karatu cewa wannan da suke gani ba hayaniyar yaro ɗaya ba ce. Kuma maganarsa ta isa inda ake so. A 1957 Olivier da kansa, babban ɗan wasan ƙasar, ya sauko Royal Court ya fito a wasan Osborne na gaba, The Entertainer, a matsayin tsohon ɗan barkwanci da kasuwarsa ta mutu.

Amma wanda ya ɗauki ɓangare yakan rufe ido ɗaya. A 1958 aka nuna The Birthday Party na Harold Pinter, Tynan ya yi watsi da shi kamar sauran, aka rufe wasan cikin mako guda. Hobson kaɗai ya ce an samu babban marubuci, kuma shi ne ya yi gaskiya, domin Pinter ya karɓi kyautar Nobel a 2005. A wannan shekarar ta 1958 Tynan ya shiga cacar baki da Eugène Ionesco a shafukan Observer, yana zarginsa da juya wa rayuwar jama'a baya, Ionesco kuma yana cewa marubuci ba ɗan aiken wata aƙida ba ne. Rattigan kuwa guguwar ta tura shi gefe shekaru da dama, ya rasu a 1977 yana ganin an yar da shi. Yau an dawo da wasanninsa irin su The Deep Blue Sea, an gane cewa a ƙarƙashin ladabin mutanensa akwai ciwon da bai gaza na Jimmy Porter ba, sai dai su ba sa ihu. Wanda na fi jin zafinsa shi ne abin da ya yi wa Vivien Leigh, matar Olivier a lokacin. Daga 1951 ya sa ta gaba, yana cewa mijin yana rage ƙarfinsa ne don kada ya danne ta, ya kuma yi mata ba'a mai ciwo a kan rawar da ta taka a Titus Andronicus a Stratford, garin haihuwar Shakespeare, a 1955. Mace ce mai fama da tarin fuka da ciwon ƙwaƙwalwa. Jimlolin suna da kyau, har yau ana maimaita su, kuma wannan shi ne abin takaicin: an yi su ne don a maimaita, ba don a gyara wasa ba. Kaifin alƙalami yana da daɗi ga mai riƙe da shi, Tynan kuma bai cika tambayar kansa wa zai zubar da jini ba.

A 1963 ya yi abin da masu sharhi ba su cika yi ba, ya ajiye alƙalamin ya shiga ciki. An kafa National Theatre, gidan wasa na ƙasa da aka shafe fiye da ƙarni ana maganarsa, aka ba Olivier shugabanci. Tynan, wanda bai daɗe da sukar yadda Olivier ya tafiyar da bikin wasanni na Chichester ba, ya rubuta masa yana neman aiki. Olivier ya fusata, amma sabuwar matarsa Joan Plowright ta shawo kansa, shi ma ya ga gara mai kaifin bakin nan yana cikin gida da yana waje. Aka naɗa shi mai kula da harkar adabi, aikin da gidajen wasan Jamus suka daɗe da shi amma baƙo ne a Ingila: mutumin da zai karanta rubuce-rubuce, ya zaƙulo tsofaffin wasannin da aka manta, ya nemo na ƙasashen waje ya sa a fassara, ya farauto sababbin marubuta. An buɗe a ginin Old Vic ranar 22 ga Oktoba, 1963, da Hamlet, Peter O'Toole ne jarumi.

Ya yi aikin da gaske. A 1966 ya karanta sharhin wani wasa da ɗalibai suka nuna a gefen bikin Edinburgh, ya aika a kawo masa rubutun nan take. Shekara na zagayowa Rosencrantz and Guildenstern Are Dead yana kan dandamalin Old Vic, marubucinsa Tom Stoppard ya zama sananne. A shekararsa ta ƙarshe a gidan, 1973, aka nuna The Bacchae of Euripides na Wole Soyinka, wanda shi ma ya taɓa aikin karanta rubuce-rubuce a Royal Court a ƙarshen shekarun 1950. To amma shi ne kuma ya matsa wa Olivier ya fito a Othello a 1964. Olivier ya shafe jikinsa da baƙin fenti, ya sauya murya da tafiya, Landan ta yi ta tafi, Tynan ya rubuta labarin atisayen cikin alfahari. Shekara biyar kafin nan Paul Robeson, baƙar fata ɗan Amurka, ya taka wannan rawa a Stratford, don haka ba za a ce tunanin bai zo wa kowa ba. Mutumin da ya yi suna da ganin abin da babu a kan dandamali bai ga cewa babu baƙin ɗan wasa a matsayin da aka rubuta wa baƙin mutum ba. Duk wanda ya kalli fim ɗin da aka ɗauka na wasan a 1965 zai ga abin da nake nufi.

Rikicin da ya karya shi a gidan ya zo a 1967. Ya dage sai an nuna Soldiers na Bajamushe Rolf Hochhuth, wasan da ke tuhumar Winston Churchill a kan ruwan bama-baman da aka yi wa biranen Jamus, yake kuma nuna cewa da hannunsa a haɗarin jirgin da ya kashe Janar Sikorski, shugaban gwamnatin Poland mai gudun hijira, a Gibraltar a 1943. Shugaban hukumar gudanarwar gidan, Lord Chandos, ya yi minista a gwamnatin Churchill lokacin yaƙi. Hukumar ta hana. Olivier ya mara wa Tynan baya, bai yi amfani ba. A ganina Tynan ya yi daidai da ya ce bai kamata hukuma ta zaɓa wa darakta wasa ba, batun kona birane da fararen hula a ciki kuma batu ne da ya cancanci dandamali. Amma zargin kisan Sikorski ba shi da hujja. Da aka nuna wasan a wani gida na West End a ƙarshen 1968, matuƙin jirgin, Edward Prchal, wanda shi kaɗai ya tsira, ya kai ƙarar ɓata suna ya yi nasara. Tynan ya ɗora yaƙi mai kyau a kan tubalin toka, kuma daga baya aka rage masa matsayi a gidan.

Yaƙinsa da tacewa dai ya kai ga gaci. Ya yi ta rubutu a kan ofishin Lord Chamberlain, kuma shari'ar da aka yi wa Royal Court a 1966 saboda wasan Saved na Edward Bond ta nuna wa kowa cewa dokar ta tsufa. A watan Satumban 1968 majalisa ta soke ikon ofishin bayan shekara 231. Ba shi kaɗai ya yi ba, amma muryarsa na cikin waɗanda suka fi ƙarfi. Sai dai a kan hanya ya fara ruɗa 'yancin faɗin gaskiya da 'yancin girgiza mutane. Ranar 13 ga Nuwamba, 1965, a wani shirin BBC na kai tsaye, ya furta wata kalmar batsa ta Turanci da ba a saba ji a talabijin ba. 'Yan majalisa suka gabatar da ƙudurori, BBC ta fitar da sanarwar nadama, kuma ga miliyoyin mutane da ba su taɓa karanta sharhinsa ba, wannan kalma ita ce Kenneth Tynan. A 1969 ya haɗa Oh! Calcutta!, wasan tsiraici da aka fara a New York, ya daɗe yana kasuwa amma bai ƙara wa fasahar komai ba. Wanda ya yi shekara goma yana neman a buɗe ƙofa don talaka da siyasa su shigo, da ƙofar ta buɗe abin da ya shigo da shi ke nan. Wannan ne ɓangaren rayuwarsa da ya fi ba ni baƙin ciki, domin gwaninta irin tasa ba ta da yawa.

Da aka ba Peter Hall shugabancin National Theatre a madadin Olivier, babu wurin Tynan a sabon tsarin, ya bar gidan a 1973. Kafin nan ya taya Roman Polanski rubuta fim ɗin Macbeth na 1971. Sauran shekarun na bashi ne da rashin lafiya da littattafan da ya yi alkawari bai gama ba. Yana da ciwon huhu mai toshe numfashi, wanda wata naƙasa ta gado ta tsananta, bai kuma daina shan sigari ba. A 1976 ya kwashi iyalinsa zuwa California don iskar can. Abin da matarsa ta farko, marubuciya Elaine Dundy, ta rubuta game da zamansu, da littafin sirrinsa da aka buga a 2001, sun nuna mutum mai wahalar zama, wanda ya cutar da matan da suka so shi.

A can Amurka idon nan nasa ya dawo aiki. New Yorker ta ba shi fili ya rubuta dogayen bayanai a kan mutane: Ralph Richardson, Tom Stoppard, Johnny Carson, Mel Brooks. Na ƙarshe a jerin, wanda ya fito a 1979, a kan Louise Brooks ne, tauraruwar finafinan da ba su da magana, wadda ya je ya samu ta tsufa a wani ƙaramin gida a Rochester ta jihar New York, ciwon gaɓoɓi ya kusa hana ta tashi. Ya zauna da ita kwanaki yana saurare, ya rubuta ba tare da ba'a ko neman faɗa ba, rubutun kuma ya sa sabon zamani ya koma neman finafinanta. Ya rasu a Santa Monica ranar 26 ga Yuli, 1980, yana da shekara 53, aka kai tokarsa maƙabartar Holywell a Oxford.